Fiffiken Dama na Zalɓe

A ma'aikatar da Auta take aiki akwai wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ko mai gadi ya san ta. Duk wanda ya zana wani sanannen mutum a cikin katun don a yi dariya, shi zai taka da ƙafarsa ya kai wa mutumin zanen ya gani kafin a saka a talabijin. In ya yarda, a saka. In ya ce a'a, a yanke, babu roƙo babu magiya. Suna kiran wannan "kai gaisuwa". Darakta ne ya kafa dokar, tun ranar da wani mawaƙi ya ga kansa a siffar kwaɗo, ya zo ya zauna a bakin ƙofar ma'aikatar, bai zagi kowa ba, bai ce uffan ba, sai kallon masu shiga da fita har aka tashi aiki.

Shirin nasu na barkwanci ne, labarin wasu dabbobi da ke haya a gida ɗaya, mai gidan kuwa kunkuru ne da bai taɓa gyara ko ƙusa ba. A kashin da suke haɗawa yanzu, talabijin ɗin tsakar gida ta lalace, sai 'yan hayar suka cire gilashin akwatin, suna shiga ciki ɗaya bayan ɗaya suna yin shirye-shiryen da kansu. Akuya da bunsuru suna fim ɗin soyayya, suna zagaye sandar shanya suna waƙa, kayan jikinsu na canjawa a kowane baiti. Kyanwa tana tallar sabulu, tana cuɗa riga har rigar ta ɓace. Kare yana ɗan sanda mai bincike, yana bin sawun ɓarawo har sawun ya kai shi ɗakinsa. Na ƙarshe shi ne gasar kacici-kacici, wadda zalɓe yake gabatarwa. Wannan aka ba Auta, kuma zalɓen babanta ne.

Baba ya yi shekaru yana gabatar da gasar kacici-kacici ta 'yan makaranta a talabijin, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Ƙararrawa. In yaro ya ba da amsa, sai ya ɗaga hannu sama ya riƙe shi a can, har masu kallo a gida su daina tauna. In amsar daidai ce ya buga ƙararrawa. In ba daidai ba ce ya sauke hannun a hankali ya ce, "Ka yi kusa, amma kusa ba gida ba ce." Har gobe direba yana faɗa wa wanda mota ta tashi ta bari wannan maganar, kuma da yawa daga masu faɗinta ba su san bakin da ta fito ba.

Auta tana ƙarama aka daina shirin. Kasa-kasan bidiyon shirin kuwa tashar ta naɗi wasu abubuwa a kansu tuntuni. Abin da ya rage shi ne murya da wani ya ɗauka a rakoda, sai hoto guda a bangon falonsu. Ta tambayi manyan ma'aikatar yadda yake ɗaga hannun, kowa ya nuna mata nasa, babu biyu da suka zo ɗaya. Don haka ta yi abin da masu zanen katun suke yi in sun rasa abin kallo. Ta jingina madubi a jikin kwamfuta, ta tashi tsaye ta zama babanta, tana yi tana dubawa tana zanawa.

Tun da ta fara aiki a nan, bango take zanawa, da bokiti, da gajimare, da cike tsakanin zanen wasu. Wannan ne karon farko da aka ba ta wuri guda sukutum, da sunanta a ƙarshen shiri.

Ranar da aka kalli kashin a ɗakin haɗa hoto, zalɓen na fitowa aka fashe da dariya. Ga dogon wuya, ga tabarau a ƙarshen baki, ga kwat mai maɓalli ɗaya. Wanda ya yi masa murya, wani siririn mutum da ake ce wa Maƙogwaro, ya dinga dukan gwiwarsa.

"Ku dubi fiffiken nan da ya cusa a aljihu," in ji shi. "Kamar a nan ya ɓoye amsar. Auta, ina kika samo wannan ƙasaitar?"

"Haka ya zo," in ji ta.

Darakta bai cika dariya ba. In abu ya yi masa, ƙeya yake sosawa. Ya sosa.

"Saura gaisuwa," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ai babana ne."

"Shi ya sa ba za ki ɓata hanya ba."

"In ya ce a'a fa?"

"Sai kunkuru ya rufe shirin. Kin san doka."

Ta je gida da yamma, kwamfuta a jaka. Mama tana guga a ƙofar falo, Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga, jarida a cinya, hannun damansa a aljihun riga. Can hannun yake zama tun rashin lafiyar bara. Ƙafa ta warke, baki ya warke, amma hannun ba ya wuce ƙirji. A gidan ba a maganarsa. Mama ta koma ajiye masa kofi ta hagu ba tare da ta ce komai ba. In baƙo ya zo, Baba yakan fito da hannun iya gaisawa ya mayar, kuma ya rage zuwa taro, wai hayaniya ta ishe shi. A waje babu wanda ya sani, haka kuma yake so.

"Baba, sannu da hutawa."

"Auta ce da yammacin nan? Yunwa ko aiki?"

"Aiki."

"To ta ci abinci ke nan," in ji Mama. "Ba ta faɗin aiki sai ciki ya ɗauka."

Auta ta jawo ƙaramin tebur ta ɗora kwamfutar. Ta yi niyyar yin bayani tun daga farko, ta ma shirya kalmomin a mota, amma da ta ga Baba ya gyara tabarau yana jira, sai ta ce kawai sabon kashi ne take so su gani. Mama ta zare dutsen guga daga wuta ta zo ta zauna a hannun kujera.

Akuya da bunsuru suka fara zagaye sandar shanya. Mama ta kama baki.

"Kai, 'ya'yan nan ba ku da ta ido. Wannan ai su wane ne. Dubi yadda take juya ido. Ita ce wallahi."

"Sun daɗe a kan waƙar," in ji Baba. "Dariya in ta zo, a wuce. Ba a tsayawa a yi mata rakiya."

Da kyanwa ta cuɗa rigar har ta ɓace, ta ɗaga hannu wayam tana murmushi ga masu kallo, Mama ta ce ita ma ta taɓa sayen wannan sabulun, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Kare ya bi sawu ya shiga ɗakinsa ya kama kansa. Baba ya yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a wurinsa dariya ce.

"Naki wanne ne a ciki?" in ji shi.

"Yana zuwa."

Sai zalɓe ya sunkuyo da wuya ya shiga akwatin. Ya tsaya bayan tebur, ya gyara murya sau biyu, ya dubi masu gasa ta saman tabarau. Ɓera ne da kaza.

"Tambaya ta farko gare ka, ɓera," in ji zalɓen da muryar Maƙogwaro. "Wace dabba ce ta fi kowa jinkiri?"

"Mai gidanmu, in an ce ya gyara famfo."

Zalɓe ya ɗaga fiffike sama. Ya riƙe. Rana ta faɗi, wata ya fito, zakara ya yi cara. Kaza ta gaji ta yi ƙwai, ƙwan ya fashe, ɗan tsako ya fito ya girma ya shiga makaranta. Fiffiken yana sama. Gemu ya fito wa ɓera. Sannan zalɓe ya sauke fiffiken a hankali.

"Ka yi kusa, amma kusa ba gida ba ce."

Mama ta yi dariya har ta dafa kafaɗar Baba, sai kuma dariyar ta tsaya mata a tsakiya. Ta janye hannunta. Auta ta dubi Baba. Idonsa na kan kwamfutar.

"Mayar da shi baya," in ji shi.

Ta mayar. Zalɓe ya sake shiga akwatin, ya sake gyara murya. Da ya ɗaga fiffiken, Baba ya ce ta tsayar a nan. Hoton ya daskare.

"Da wane hannu nake buga ƙararrawa?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi hoton bango, wanda ta taso tana gani har ta daina ganinsa. Ga Baba da baƙin gashi, ga ƙararrawa a damansa. Ta dawo da ido kan kwamfutar. Fiffiken hagu ne a sama. Na dama yana cikin aljihun kwat, kafaɗar wajen ta ɗan zube. Ta tuna yadda ta sa zalɓen yake juyo da jiki gaba ɗaya in zai ɗauki katin tambaya, maimakon ya miƙa fiffike. Ta zana wannan da hannunta, hoto bayan hoto, tana jin daɗin yadda yake kama da shi. Ya kuwa yi kama da shi. Mutumin da ke zaune kusa da taga ta zana, wanda take gani kowane mako, ba wanda ya yi shirin ba.

"Wa ya ce ki sa shi haka?"

"Ba wanda ya ce, Baba. A madubi na yi. Ban lura ba."

"A wurin aikinku sun gani?"

"Sun gani."

"Me suka ce?"

Ta so ta ce ba su ce komai ba, amma ba a yi wa Baba amsar kusa.

"Sun yi dariya. Sun ɗauka ƙasaita ce. Wai kamar a aljihun ya ɓoye amsar."

"Su yara ne," in ji shi. "Waɗanda suka zauna gaban talabijin a lokacin sun san hannun da ya tashi. Kafin a gama shirin wayar gidan nan za ta fara ƙara, ana yi mini sannu."

Mama ta tashi ta koma wurin guga, ta ɗauki riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. A waje wani mai keke yana ta buga ƙaho.

"Akwai doka a wurinmu," in ji Auta. "In ka ce a'a, za a yanke. Babu wanda zai zo ya roƙe ka, ni ma ba zan roƙa ba."

"In an yanke, me ya rage naki a ciki?"

"Bangon gidan. Da bokitin kyanwa."

"Bokitin ya yi kyau," in ji Mama daga can, ba ta juyo ba.

Baba ya cire tabarau da hagu, ya goga a gaban riga, ya mayar. Ya daɗe yana kallon zalɓen.

"Wuyan ya yi tsawo," in ji shi, "amma ban musa ba, mahaifiyarki ta riga ki faɗa. Muryar ta fi tawa kauri, ki gaya wa mai ita na gode. Jinkirin ma gaskiya ne. An taɓa yin wata yarinya da ta ba da amsa daidai, kafin in sauke hannu ta canja ta." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Duk wannan na mutane ne, su suka kalla, su yi dariyarsu. Amma wannan na aljihun na cikin gida ne. Ki ciro masa fiffikensa, ki saka abinki."

Auta ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka, sai kuma aikin ya faɗo mata a rai.

"Zan iya juya hoton," in ji ta. "Hagu ya koma dama. Minti kaɗan ne."

"Sai ɗayan ya shiga aljihu. Kin canja wa ciwo ɗaki ke nan."

Gaskiya ne. Kafaɗar da ta zube za ta bi shi, juyin jikin ma haka. Sai dai ta sake zana shi daga tushe, kuma in ta koma gaban madubi, ta san wanda zai sake fitowa.

"Baba, ni ban taɓa ganin yadda kake yi ba. Ina ƙarama. Sai na ga motsin kafin in iya zanawa."

Ya ajiye jaridar a ƙasa, ya gyara zama, ya zaro hannun daga aljihu. Auta ba ta taɓa ganin ya gwada shi a gaban kowa ba. Hannun ya taso daga cinya, ya wuce ciki, ya iso ƙirji, ya tsaya yana ɗan rawa. Ya riƙe shi a nan iya ƙarfinsa, sannan ya ajiye shi a gwiwa.

"To," in ji shi. "Iyakar motar ke nan."

Mama ta ajiye rigar da take ninkewa. Ta zo ta zare tabarau daga fuskar Baba kamar mai ɗaukar kayanta, ta ɗora a ƙarshen hancinta. Ta jawo teburin guga tsakiyar falo, ta kife kofin ƙarfe a kansa ta wajen dama. Ta ja kafaɗu baya, ta miƙar da wuya, ta gyara murya sau biyu, ta dubi Auta ta saman tabarau.

"Tambaya ta gaba gare ki, 'yar makarantar bayan kasuwa," in ji ta, da wata murya da ba tata ba. "Mene ne babban birnin ƙasar da ban faɗa ba tukuna?"

Ba ta jira amsa ba. Gwiwar hannunta ta fara tashi, sannan hannun ya bi, yatsu a haɗe, ɗan ƙaramin a ware. Da ya kai sama ta karkatar da kai gefe, ta lumshe ido ɗaya, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauko da tafin a kan kofin, ƙarar ta cika falon.

Baba ya dube ta.

"Ke," in ji shi. "Tun yaushe kike wannan?"

"Tun kafin a haifi wannan. Kana fita aiki nake yi wa yayyenta, in sun ƙi cin abinci."

"A gidana?"

"A ina kake so in yi, a gidan maƙwabta? Su ma na yi musu, ranar da aka ɗauke wuta."

"Shekara da shekaru ina ciyar da mai kwaikwayona ban sani ba."

"Ka ci ribar zama da ni dai. Ga shi yau ta yi rana."

Auta ta riga ta ciro waya. Ta ja baya ta jingina da bango don kada hoton ya girgiza, ta ce Mama ta sake yi daga farko.

"Tsaya," in ji Baba. "In za a yi, a yi daidai. Ba na lumshe ido."

"Kana lumshewa. Na hagu."

"Fitilar ɗakin ce take haska ni."

"To fitilar ce. Amma kana lumshewa."

"Kuma kin yi saurin saukewa. Sai kin ji ɗakin ya yi tsit, har ki ji ƙarar fanka. Sannan ki ƙara kaɗan."

"Mutum ya mutu yana jira."

"Ba wanda ya taɓa mutuwa. Ɗaga. Gwiwar hannu tukuna. Yawwa. Kar ki kalli kofin, kin san inda yake. Yaron za ki kalla."

Mama ta ɗaga, ta riƙe, ta buga. Ya ce ta sake. Ta ce hannunta ba na haya ba ne, ta sake. A karo na gaba dariya ta kuɓuce mata hannu yana sama, tabarau ya zamo, ta tare shi da haɓa. Baba ya ce a zamaninsa da an kore ta daga tashar tun a gwaji. Ta ce a zamaninsa ita ce take guge masa kwat ɗin da yake wannan taƙamar da shi.

Auta tana kallonsu ta cikin wayar, tana lissafa abin da za ta gaya wa Darakta da safe, cewa gaisuwa ta karɓu amma zalɓe zai koma kan teburin zane. A gefen hoton, can ƙasa, gwiwar Baba ta shigo, da hannun a kanta. Duk lokacin da Mama ta ɗaga nata, yatsunsa sukan haɗu, ɗan ƙaramin ya ware, su ɗan taso daga gwiwar su tsaya. Wannan bidiyon gobe za a buɗe shi a ma'aikata, kowa ya leƙo ya gani.

Ta matsar da wayar kaɗan, har ya zama Mama ce kaɗai a ciki, da teburin guga da kofin.

"Mama, sake ɗaya," in ji ta. "A hankali."